Babbar Kasuwar Kaduna Da Darasin Da 'Yan Makaranta Suka Raina

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Kaduna, watau wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi bayan rasuwarsa a 1992, ya san wani abu wanda yawan ganinsa ya sa an daina mamakinsa. Mutum zai tsaya gaban rumfar mai kayan ɗinki ya nemi maɓalli iri kaza mai launi kaza, kafin ya rufe baki mai rumfa ya miƙa hannu ta bayansa, ko waiwayawa bai yi ba, ya zaro kwalin daga cikin tarin kwalaye. In kuwa babu, nan take zai ce babu, ya ƙara da cewa a bi layi na uku, rumfa ta biyu daga kwana, za a samu a wurin wane. Haka ɗan dako zai karɓi saƙon mutum biyar lokaci guda, ya ratsa lunguna masu kama da juna, ya sauke wa kowa nasa a inda ya ce. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ba su riƙe da wani littafin lissafin kaya, amma ba a jin sun ce sun manta inda suka ajiye dukiyarsu.

To, a kwatanta wannan da halin da ɗalibi yake shiga idan jarrabawa ta matso. Zai raba dare yana maimaita layi ɗaya, ga goro a baki, ga ƙafa cikin ruwan sanyi don gudun gyangyaɗi, amma gari na wayewa, ana raba takardun tambayoyi, sai ya iske rabin abin da ya haddace ya bi iska. Haka kuma ma'aikacin gwamnati mai shirin jarrabawar ƙarin girma yake kwana da kundin dokokin aiki a ƙarƙashin matashi, ya shiga zauren jarrabawa yana tuna cewa lalle ya karanta amsar, amma ta ƙi zuwa. Sau da yawa irin waɗannan mutane sukan yanke wa kansu hukunci cewa kansu ne ba ya ja, alhali kuwa hanyar da suka bi ce ba ta da kyau. Mai rumfa bai fi su ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya fi su shi ne kowane kaya nasa yana da mazauni, kuma idonsa ya san mazaunin, su kuwa sun jibge ilminsu wuri guda kamar kayan da aka zube daga bayan tirela.

Wannan dabara ta ɗaura abin da ake son tunawa a jikin wani wuri da aka sani tsohuwa ce ƙwarai. Sisero, shahararren mai iya magana na birnin Rum, ya kawo asalinta a wani littafi da ya rubuta shekara 55 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce wani mawaƙin Girka mai suna Simonidis ya halarci wata walima, aka kira shi waje, fitarsa ke da wuya sai rufin ɗakin ya rufto kan mahalarta, ya murƙushe su har 'yan uwansu suka kasa gane gawarwakin. Simonidis ne ya tantance su ɗaya bayan ɗaya, domin kuwa ya tuna inda kowa ya zauna. Daga nan aka ce ya fahimci cewa tsarin wuri shi ne ke riƙe wa zuciya abin da ta gani. Lauyoyi da 'yan majalisar Rum sun yi ƙarni da ƙarni suna amfani da wannan hanya: mai jawabi zai zagaya wani gida cikin zuciyarsa, ya ajiye hujjarsa ta farko a zaure, ta biyu a tsakar gida, ta uku a bakin ɗaki, idan ya miƙe gaban jama'a sai ya sake bin gidan yana tsintar su bi da bi, ba tare da takarda a hannu ba.

Ba sai an je Rum ba ma. Makarantun allo na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa ido abokin hadda ne. Almajiri shi ke rubuta allonsa da hannunsa, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa, har siffar rubutun ta zauna masa. Mahaddata da yawa sukan bayyana cewa idan suna tilawa sukan ga shafin a zuci, su san aya kaza tana sama ne ko tana ƙasa, a shafin dama ko na hagu. Shi ya sa malamai ke gargaɗin mai hadda da kada ya riƙa sauya bugun Alƙur'anin da yake karatu da shi, kuma shi ya sa bugun Madina mai shafi 604, wanda kusan kowane shafinsa layi 15 ne, yana kuma ƙarewa a ƙarshen aya, ya sami karɓuwa wurin masu hadda. Abin takaici shi ne yaron da ya san wannan a makarantar allo, da zarar ya sa kayan makarantar boko sai ya ajiye shi a ƙofa, kamar ilmin nan da wancan ba kai ɗaya ne ke ɗaukarsu ba.

Masu binciken ƙwaƙwalwa na wannan zamani sun gano dalilin abin. A 1971 wani masani a Landan, John O'Keefe, ya gano cewa a cikin wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus akwai ƙwayoyin da ba su motsawa sai dabba ta iso wani wuri takamaimai, watau dai ƙwaƙwalwa tana zana wa kanta taswira. Wannan aiki ne ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 2014 tare da May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Nowe. Shi wannan sashe kuma shi ne ke da babban hannu wajen ajiye sababbin abubuwan da mutum ya koya. A shekarar 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta suka duba ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda ba a ba su lasin sai sun haddace tituna wajen 25,000, suka iske bayan wannan sashe ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar direba a kan aiki gwargwadon girmansa. Da Maguire ta juya kan gwanayen gasar hadda a 2003, ba ta sami wani bambancin halitta ko fifikon basira tsakaninsu da sauran jama'a ba. Abin da ta samu shi ne tara daga cikin goma suna bin hanyar nan ta Simonidis.

Gwajin da ya fi dacewa da ɗalibi shi ne wanda Martin Dresler ya jagoranta, aka buga sakamakonsa a 2017. An ɗauko mutanen da ba su taɓa koyon dabarar ba, aka ba su jerin kalmomi 72, suka riƙa tuna kimanin 26 zuwa 30. Bayan horon mako shida, rabin awa kowace rana, sai ga shi suna kawo wajen 62, kuma da aka sake gwada su bayan wata huɗu ba su koma gidan jiya ba. Rabin awa a rana bai kai lokacin da ɗalibin yau yake ɓatawa yana latsa waya kafin ya yi barci ba.

To, yaya ɗalibin Kaduna zai yi da wannan? Ba ya bukatar fadar sarkin Rum, domin kasuwar da ake aikensa tun yana ƙaramin yaro ta ishe shi. Da farko zai zaɓi hanya guda wadda ya sani kamar yunwar cikinsa, a ce daga inda yake sauka a Keke Napep a titin Ahmadu Bello, ya shiga ƙofar da ya saba shiga, ya bi layukan da ya saba bi, har ya fita. A kan wannan hanya zai tsayar da zango goma ko ashirin, kowanne daban da ɗan uwansa: bakin ƙofa, teburin mai kayan rubutu, rumfar mai yadi, wurin mai nama, da sauransu. Tilas jerin ya zauna daram, kada yau a fara da mai yadi gobe a fara da mai nama. Sannan kowane abu da yake son tunawa zai mayar da shi hoto, ya ajiye shi a zango ɗaya.

Ga misali da darasin da ɗaliban sakandare da ma'aikata duka suke cin karo da shi, watau jerin tsare-tsaren mulkin Nijeriya na zamanin Turawa: na Clifford a 1922, na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, da na Lyttleton a 1954. Sunayen baƙi ne, shekarun kuma suna kama da juna, shi ya sa suke cakuɗewa. Amma a ce a bakin ƙofar kasuwa ɗalibi ya hango wani ƙaton kilif irin na maƙale takardun ofis, tsawonsa ya kai na mutum, ya tare hanya, ya maƙale kujeru huɗu, uku a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, mai shi yana ta kiran naira 22. Ke nan ya sami Clifford, da shekararsa, da kuma abin da tsarinsa ya kawo, watau zaɓen wakilai huɗu, uku daga Ikko, ɗaya daga Kalaba. A zango na biyu ga wata babbar riga, tela ya sa almakashi ya raba ta uku, an liƙa mata farashin naira 46: riga ta tuna masa Richards, kashi ukun kuma majalisun Jihar Arewa da ta Yamma da ta Gabas. A zango na uku mai faci ne ya baje tayoyinsa a tsakiyar layi, jama'a sun kewaye shi kowa yana ba da shawarar yadda za a yi facin, shi kuma ya kafe a kan naira 51; mai faci shi ne Macpherson, taron kuwa shi ne shawarwarin da aka yi tun daga ƙauyuka har zuwa babban taron Ibadan na 1950 kafin a rubuta tsarinsa. A zango na huɗu tarin littattafai ne aka ɗaure da igiya ɗaya, kowanne da bangonsa daban, a kan naira 54: Lyttleton ke nan da tsarin tarayya. Mai karatu zai ce ai babu rigar naira 46 a kasuwar yau. Gaskiya ne, kuma wannan rashin kan gadon shi ne amfaninsa, domin zuciya ba ta riƙe abin da ta saba gani, abin dariya da abin al'ajabi take riƙewa.

Akwai ƙa'idoji kaɗan da ya kamata a kiyaye. Hoton ya zama babba, mai motsi, mai launi, in da hali har da wari da ƙara, kuma a ajiye shi inda haske yake. Masanin nan na Rasha, Alexander Luria, ya ba da labarin wani mutum mai suna Shereshevsky wanda ya shafe shekaru yana nazarin haddarsa. Mutumin yakan jera abubuwa a kan titin Gorki na birnin Masko cikin zuciyarsa, kuma in ya yi kuskure, ba mantuwa ba ce, wurin ajiyar ne bai dace ba: ya taɓa tsallake kalmar ƙwai domin ya jingine shi a jikin farin bango, da ya zo wucewa bai gan shi ba. Har ila yau kada a cusa darasi biyu a hanya ɗaya a mako ɗaya, don kada kayan su haɗe. Tarihi ya ɗauki Babbar Kasuwa, ilmin halittu ya ɗauki Kasuwar Barci, dokokin aiki su ɗauki ofisoshin da ma'aikaci yake wucewa kullum daga bakin get zuwa teburinsa. Wanda ya tashi a Kaduna ba zai rasa hanyoyi ba.

Sai dai kuma akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Na farko suna cewa dabarar kanta wahala ce, kafin mutum ya ƙirƙiro kilif da mai faci ai da ya maimaita sunayen sau goma ya wuce wurin. Wannan ƙorafi ya girmi kowa. A 1596 wani malamin Kirista ɗan Italiya, Matteo Ricci, ya rubuta littafi a kan wannan hanya da harshen Sin, ya miƙa wa wani gwamna wanda 'ya'yansa ke shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati, aka kuwa ruwaito cewa babban ɗan ya yaba da ƙa'idojin, amma ya yi ƙorafin cewa sai mai kaifin hadda ne zai iya aiki da su. Amsar ita ce makon farko lalle akwai nauyi, kamar yadda yaron shago yakan yi wata guda yana laluben kaya kafin hannunsa ya san hanya. Amma maimaici sau goma da ake taƙama da shi bai cika kai wa mutum mako guda ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mafi yawan abin da aka haddace ba tare da ma'ana ba yana zubewa ne tun cikin kwanakin farko. Wanda ya ajiye nasa a zango yana da inda zai koma ya duba, kuma dole ne ya koma: ya bi hanyar a zuci da daren ranar, ya sake bi bayan kwana uku, ya sake bayan mako, yana cikin mota ko yana jiran layi a banki, ba tare da buɗe littafi ba. Mai rumfa ma ai kullum sai ya buɗe ya kuma rufe, shi ya sa bai mantawa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce cewa makarantun ƙasar nan hadda ta riga ta yi musu yawa, abin da suka rasa shi ne fahimta, don haka koya wa yara sabuwar hanyar hadda ƙara wa Barno dawaki ne. A nan dole a yarda da rabin maganar. Babu wani zango a kasuwa da zai koya wa yaro warware lissafi, ko rubuta insha'i mai ma'ana, ko bayyana dalilin da ya sa 'yan kishin ƙasa suka ƙi tsarin Richards. Ɗalibin da ya ɗauka cewa hotuna za su ɗauke masa wahalar tunani ya yaudari kansa, kuma mai gyaran takardarsa zai gane. Amma sauran rabin maganar ba daidai ba ne. Ba a iya mayar da abu hoto sai an fara gane shi. Wanda bai san cewa tsarin Lyttleton na tarayya ba ne, ba zai taɓa tunanin ɗaure littattafai da igiya ɗaya ba. Bugu da ƙari, tunani yana bukatar kayan aiki. Ɗalibin likitanci bai isa ya yi muhawara a kan cuta ba alhali sunayen jijiyoyi suna kuɓuce masa, haka ma akawun da aka tambaya matakan ladabtar da ma'aikaci ba zai yi sharhi a kansu ba in bai iya jera su ba. Wanda ya kammala wannan ɓangare cikin awa ɗaya maimakon dare uku, shi ne ya sami lokacin zama ya yi tunani.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce samun maki. Duk shekara iyaye suna sayar da amfanin gona da dabbobi su biya kuɗin WAEC da NECO da JAMB, kuma yaron da ya faɗi sau biyu sau da yawa ba a sake biya masa, musamman in mace ce. Ma'aikacin da ya faɗi jarrabawar ƙarin girma kuwa zai ci gaba da zama a matakin albashi ɗaya yana kallon na bayansa suna wuce shi. Ita ma satar jarrabawa, wadda aka yi wa doka ta musamman a 1999 amma ba ta gushe ba, wani ɓangarenta daga nan take tsirowa, domin ba kowane mai shiga da 'yar takarda cikin safa ne malalaci ba. Akwai wanda ya yi karatun, amma bai amince kansa zai riƙe masa ba. Hukunci ya wajaba a kansa, babu ja, amma malamin da ya shekara shida yana ce masa ya je ya karanta, bai taɓa nuna masa yadda ake karatun ya zauna ba, shi ma yana da nasa kason na laifi.

Saboda haka ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kaduna ta dubi wannan al'amari da idon basira. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI, wadda aka kafa a 1976, a nan Kaduna hedkwatarta take, ga kuma kwalejojin horon malamai da sassan ilmi na jami'o'in jihar, duk suna iya sa dabarun riƙe karatu cikin abin da suke koya wa malamai, da misalai na gida irin na kasuwa da tasha da unguwa, ba na littattafan ƙetare ba. Ofishin Shugaban Ma'aikata shi ma yana iya ware awa biyu don haka a cikin bitar da ake yi wa ma'aikata kafin jarrabawa. Ba a ce a karɓi maganar ido rufe ba. A zaɓi makarantun sakandare kaɗan a cikin garin Kaduna, a koya wa aji ɗaya dabarar na tsawon zangon karatu guda, darasi ɗaya a mako, a bar wani ajin a kan yadda ya saba, a yi musu jarrabawa iri ɗaya a ƙarshen zango, a sake yi musu bayan an dawo hutu, sannan a buga sakamakon kowa ya gani. Kuɗin da gwajin zai ci bai wuce na alli da takardun jarrabawa ba.